Jules Gonin

Jules Gonin (an haife shi ranar 10 ga watan Agusta, 1870, ya rasu a shekarar 1935) likitan ido ne ɗan ƙasar Suwizalan, kuma farfesa a Jami'ar Lausanne. Shi ne ya fara samar da tiyatar da ta yi nasarar magance ɗayewar retina, cutar da kafin zamaninsa kusan duk wanda ta kama sai ya rasa ganin wannan idon. Ya tabbatar da cewa ƴar yagewa da ke samuwa a jikin retina ita ce sanadin cutar, kuma toshe wannan yagewa shi ne maganinta. Har yau a kan wannan ƙa'ida ake yin tiyatar ɗayewar retina da yagewa ta haddasa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Gonin a birnin Lausanne, a yankin Suwizalan da ake magana da Faransanci. A nan ya tashi, kuma a jami'ar garin ya karanci aikin likita. Tun yana ɗalibi yake da sha'awar binciken halittu, har ya yi nazari a kan yadda tsutsa ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Wannan aiki ya koya masa haƙurin duba ƙananan abubuwa da madubin likita da kuma zana abin da ya gani, kuma hakan ya amfane shi ƙwarai a aikin ido.

A shekarar 1896 ya fara aiki a asibitin ido na Lausanne a ƙarƙashin Farfesa Marc Dufour. Su biyun sun haɗa hannu wajen rubuta babin cututtukan retina a cikin wani babban kundin ilimin ido na harshen Faransanci. Gonin yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin ido ta Suwizalan a 1908. Ya zama shugaban asibitin a 1918, sannan aka naɗa shi farfesa a 1920.

Cutar da ya yi aiki a kanta

Retina wani siririn tantani ne da ke shimfiɗe a bangon baya na cikin ƙwayar ido. Ita ke karɓar haske ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Cikin ƙwayar idon kuma cike yake da wani ruwa mai kauri da ke manne da ita. Idan retina ta ɗaye daga bangon da ke ciyar da ita, sai ta daina aiki. Mai cutar yakan fara ganin walƙiya ko baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo, daga nan sai wani duhu kamar labule ya taso daga gefe har ya rufe gani. Cutar ba ta da zafi. Ta fi samun masu matsalar hangen nesa mai tsanani, da tsofaffi, da waɗanda suka ji rauni a ido ko aka yi musu aikin yanar ido.

Likitoci sun fara ganin retinar mai rai ne bayan da Hermann von Helmholtz na Jamus ya fito da madubin leƙa cikin ido a 1851. Bayan haka an gwada magunguna iri-iri: kwantar da majiyyaci makonni, ɗaure ido, allurar ruwan gishiri, da huda ido a zubar da ruwan da ya taru. Babu wanda ya yi amfani. A 1912 likitan Amurka Derrick Vail ya tambayi takwarorinsa na ƙasar sakamakon da suke samu, ya ƙiyasta cewa waɗanda ke warkewa ba su wuce mutum 1 cikin 1,000 ba.

Bincikensa da tiyatarsa

Tun kafin Gonin an san ana ganin yagewa a retinar da ta ɗaye, kuma Theodor Leber na Jamus ya taɓa danganta ta da jan da ruwan cikin ido ke yi. Amma yawancin likitoci sun ɗauka yagewar tana biyo bayan ɗayewar ne. Gonin ya shafe shekaru yana binciken idanun da aka cire da na majiyyata, ya gano cewa akasin haka ne. Ruwan mai kauri yana takurewa ya ja retina har ta yage, sai ruwa ya bi ta ramin ya shiga bayanta ya ɗaga ta. Saboda haka zubar da ruwan kaɗai ba zai wadatar ba, domin muddin ramin na buɗe wani ruwan zai sake shiga.

Tiyatarsa ta dogara ne a kan gano ainihin wurin ramin. Yakan daɗe yana leƙa idon da madubi, ya zana taswirar retina, sannan ya sa alama a wajen ido daidai inda ramin yake. A lokacin aikin yakan tsaga farin ido a wurin, ya bar ruwan ya fita, sannan ya cusa bakin wani siririn ƙarfe mai zafi na ƴan daƙiƙoƙi. Tabon ƙunar shi ke liƙe bakin ramin da bangon ido. Bayan haka sai a rufe idanun majiyyaci, a kwantar da shi kwanaki ba tare da yawan motsa kai ba.

Sakamako da karɓuwa

A shekarun 1920 Gonin ya riƙa gabatar da sakamakonsa a tarukan likitoci, amma da yawa sun yi shakka. Wasu sun gwada aikin ba tare da sun nemo ramin da kyau ba, suka kasa, sai suka ɗora laifin a kan hanyar. A babban taron likitocin ido na duniya da aka yi a Amsterdam a 1929 ne aka amince da aikinsa, bayan da wasu likitoci suka tabbatar da shi a asibitocinsu. Cikin magoya bayansa akwai Hermenegildo Arruga na Barcelona, da Henricus Weve na Utrecht, da mataimakinsa Marc Amsler. A rahotanninsa na wannan lokaci, retina ta koma wurinta a fiye da rabin majiyyatan da ya yi wa aiki. Ya kuma nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi samun nasara a kan waɗanda cutar ta daɗe a jikinsu.

Ya samu lambar yabo ta Marcel Benoist a 1928. A 1934 ya wallafa littafinsa a kan ɗayewar retina. An gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma bai samu ba. Ya rasu a Lausanne a 1935, Amsler ya gaje shi.

Abin da ya bari

Waɗanda suka biyo bayansa sun sauya kayan aiki, ba su sauya ƙa'idar ba. A 1949 Ernst Custodis ya fara ɗinka abu a wajen ido don ya tura bangon zuwa ga ramin. Gerhard Meyer-Schwickerath ya yi amfani da haske mai ƙarfi wajen liƙe retina, abin da ya share hanyar amfani da leza. A farkon shekarun 1970 Robert Machemer ya fito da tiyatar cire ruwan cikin ido. A yau ana mayar da retina wurinta a kusan mutum 9 cikin 10, sai dai yawan ganin da ke dawowa ya danganta da ko tsakiyar retina ta riga ta ɗaye, da kuma daɗewar cutar.

Wannan batu na lokaci ya shafi arewacin Najeriya, inda likitocin retina ba su da yawa. Majiyyaci daga karkara kamar Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa a Jihar Katsina sai an tura shi manyan asibitoci na birni, irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Tun da cutar ba ta da zafi, mutane da dama kan ɗauke ta yanar ido ce su yi jinkiri, har lokacin da tiyata za ta fi amfani ya wuce.

Asibitin ido na Lausanne yana ɗauke da sunansa. A 1937 aka kafa Lambar Gonin, wadda ake bayarwa duk bayan shekara 4, kuma tana cikin manyan lambobin yabo a fannin ido. A 1959 likitocin retina suka kafa ƙungiyar Club Jules Gonin don tunawa da shi.