Mai Shagon Yadin Da Ya Fara Ganin Bakteriya

'Yan SLT sun haddace sunan Antoni van Leeuwenhoek saboda jarrabawa, amma kaɗan ne suka san mutumin bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Mai shagon yadi ne. Mu da kullum ake yi wa gorin HND da digiri, ai ya kamata mu san labarinsa.

An haife shi a 1632 a garin Delft na ƙasar Holan, ɗan mai saƙar kwanduna. Yana shekara 16 aka kai shi Amsterdam yaron shago wurin wani mai sayar da yadi, sana'ar da ake duba ingancin zare da gilashin ƙara girma. Ya dawo gida a 1654 ya buɗe nasa shagon. Daga baya ya shiga goge gilasai da hannunsa, ƙanana kamar ƙwayar gero, yana maƙala su tsakanin fallen tagulla biyu. Mafi kyau cikin waɗanda suka rage yana ƙara girman abu kusan sau 270.

To, abin da ya kai shi ga bakteriya ma abin dariya ne. A 1676 so yake ya gano abin da ke sa masoro yaji, sai ya jiƙa shi a ruwa ya bar shi makonni. Da ya leƙa, yajin dai bai gani ba, sai wasu halittu birjik suna ta iyo. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan da yarensa na gida, don bai iya Latin ba, harshen malamai a lokacin. Suka yi shakka. Wa zai yarda da ɗan tireda? Sai da ya tara limaman coci da wasu masu mutunci suka leƙa suka sa hannu, sannan Robert Hooke ya maimaita gwajin a 1677 ya ga abin da idonsa. A 1680 suka ɗauke shi mamba. A 1683 kuwa dauɗar haƙori ya kankaro, tasa da ta wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba, ya zana siffofin abin da ya gani.

Amma fa yana da nasa laifin, kuma a ganina babba ne: rowar ilimi. Ya ɓoye yadda yake yin gilasansa, bai koya wa kowa ba. Sai bayan kusan shekara 200 Louis Pasteur da Robert Koch suka nuna cewa waɗannan halittu na tsamar da abinci, suna kuma jawo cuta. Daga bakteriyar ƙasa aka samo streptomycin na tarin fuka a 1943, tun 1982 kuma masu ciwon suga ke amfani da insulin da E. coli ke yi. Kindirmon da kika sha da safe, da daddawar miyar kukar kantin makaranta, duk aikinsu ne.

Ya rasu a 1723 yana shekara 90. Yana kwance a gadon ajali ma sai da ya roƙi abokinsa ya fassara masa wasiƙu biyu zuwa Latin a aika Landan. 'Yarsa Maria ta aika wa Royal Society na'urori 26 da ya bar musu wasiyya. Daga baya duk suka ɓata.