Dorothy Draper

Dorothy Draper (22 ga Nuwamba, 1889 zuwa 11 ga Maris, 1969) 'yar Amurka ce da ta yi suna wajen ƙawata cikin gidaje da otal-otal. An fi saninta da son launuka masu ƙarfi da manyan zane-zanen furanni, a zamanin da masu kuɗin Amurka suka fi son ɗakuna masu duhu da kayan gado irin na Turai. Tana cikin mutanen farko da suka mayar da adon ɗaki cikakkiyar sana'a mai kamfani da ma'aikata da kwangila.

Farkon rayuwa

An haife ta a Tuxedo Park da ke jihar New York, unguwar attajirai mai shinge da masu gadi. Sunan mahaifinta Paul Tuckerman, mahaifiyarta kuma Susan Minturn. Yawancin karatunta a gida ta yi shi a hannun malamai masu zuwa koyar da ita, kuma ba ta taɓa shiga makarantar koyon zane ko gini ba. Iyayenta kan tafi da ita Turai, inda ta ga tsofaffin fadoji da adonsu.

A 1912 ta auri Dakta George Draper, likitan da ya kula da Franklin D. Roosevelt bayan cutar shan inna ta kama shi a 1921. Sun haifi 'ya'ya uku. Da gidajen da suka zauna a ciki ta fara gwada hannunta, ƙawayenta kuma suka riƙa kwaikwayonta. Auren ya mutu a 1930, amma ta ci gaba da amfani da sunan Draper har ƙarshen rayuwarta.

Sana'a

A 1925 ta buɗe kamfani mai suna Architectural Clearing House, a 1929 ta sauya masa suna zuwa Dorothy Draper & Company. A wancan lokaci ba a saba ganin mace 'yar manyan gida ta shiga kasuwanci ba, balle ta yi hulɗa da 'yan kwangila da magina. Sauran matan da ke wannan aiki gidajen ƙawayensu masu kuɗi suke gyarawa. Ita kuwa ta nufi wuraren da jama'a ke shiga, kamar otal da gidan abinci da zauren shiga manyan benaye na haya.

Babban aikinta na farko shi ne zauren karɓar baƙi na otal ɗin Carlyle a birnin New York. Daga nan aka ba ta wasu tsofaffin gidajen haya a unguwar Sutton Place waɗanda masu hali ba sa so. Ta sa aka shafe su da baƙin fenti, aka zagaye tagogi da fari, ƙofofin kuma aka yi musu launuka masu haske, sai ga masu neman haya sun dawo. Wannan ya faru ne a shekarun karayar tattalin arzikin Amurka, kuma masu gine-gine sun gane cewa fenti da yadi na iya ɗaga darajar gini ba sai an rushe shi ba. A 1937 ta ƙawata Hampshire House, sannan otal ɗin Arrowhead Springs a jihar Kalifoniya, da gidan abinci na Camellia House a otal ɗin Drake na Chicago. A Brazil ta yi aikin Quitandinha da ke Petrópolis, katafaren otal mai gidan caca da aka buɗe a 1944. Bai daɗe yana cin moriyar adon ba, domin gwamnatin ƙasar ta haramta caca a 1946.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne otal ɗin Greenbrier a jihar West Virginia. Sojojin Amurka sun mayar da shi asibiti a yaƙin duniya na biyu. Da kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ya sake sayen sa a 1946, shugabansa Robert R. Young ya damƙa wa Draper gyaran. Ta sake fasalin ɗakunan kwana sama da 600, ba ta tsaya a bango da labule ba, har kayan ma'aikata da takardar jerin abinci da kwalin ashana sai da ta tsara. Furen rhododendron, wanda shi ne alamar jihar, ta ɗauka ta baza shi a yadi da bango. An sake buɗe otal ɗin a 1948.

Salonta

Ana kiran salonta Baroque na zamani. Ta ɗauki murɗaɗɗun ƙawace-ƙawacen fadojin Turai na ƙarni na 17 da na 18, ta ƙara musu girma fiye da kima, ta yi su da farar filasta a kan bango mai launi ɗaya. Daɓen ɗaki takan yi shi murabba'i baƙi da fari, ƙofofi baƙaƙe masu sheƙi, bango mai faffaɗan ratsi, kujeru kuma a lulluɓe su da yadi mai manyan furannin wardi. Tana haɗa launukan da ake ganin ba sa zama tare, kamar shunayya da ruwan hoda, ko kore shar da ja wur. A ganinta launi mai haske yana faranta rai, kuma wanda ya shiga otal ya kamata ya ji ya shiga wani wuri na musamman.

Salon ya fi dacewa da babban zaure mai dogon rufi. A ƙaramin ɗaki yakan cika ido har ya gajiyar. Masu ra'ayin ginin zamani marar ƙyale-ƙyale ba su so shi ba, kuma mai tsara gine-gine Frank Lloyd Wright ya yi mata ba'a a fili. Duk da haka sunanta ya shiga bakin mutane. A Turancin masu otal an ƙera fi'ili daga sunan, wato draperize, ma'ana a gyara wuri irin yadda take yi. Gidan abincin da ta tsara a 1954 a gidan tarihi na Metropolitan, mai fitilu kamar kejin tsuntsu, shi ma laƙabin Dorotheum aka ba shi.

Rubuce-rubuce

Littafinta Decorating Is Fun! ya fito a 1939, Entertaining Is Fun! kuma a 1941. Ta yi aiki da mujallar Good Housekeeping, kuma tana da shafin amsa tambayoyi da jaridu da dama ke bugawa. Matan gida masu matsakaicin hali take yi wa magana, tana ƙarfafa musu gwiwa su amince da idonsu, su sayi fenti su sauya ɗaki da kansu. A shekarun 1950 ta zaɓa wa motocin Packard launuka, ta kuma tsara cikin jirgin sama samfurin Convair 880.

Mutuwa

Ta sayar da kamfanin a 1960. A shekarunta na ƙarshe ta yi fama da cutar mantuwa, ta mutu a Cleveland, jihar Ohio, tana da shekara 79. Carleton Varney, wanda ya shiga kamfanin yana matashi, shi ya ci gaba da jagorancinsa da kula da adon Greenbrier har mutuwarsa a 2022. A 2006 gidan tarihin birnin New York ya shirya baje kolin ayyukanta.