Asma'u 'yar Umaisu, matar da ta raini 'ya'yanta a ƙasar baƙunci

Duk wanda ya zauna a makarantar Islamiyya ya ji labarin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, yadda ya tsaya a gaban Najjashi sarkin Habasha ya kare Musulmin da suka gudo daga Makka, ya karanta wani sashe na Suratu Maryam har sarkin ya zubar da hawaye. Abin da ba a cika tuna mana ba shi ne, da aka tashi daga fada Ja'afar gida ya koma, kuma a gidan nan akwai mace. Ita ce ta riƙe gidan sama da shekara goma a cikin mutanen da yarensu daban, abincinsu daban, addininsu daban. A nan ta haihu sau uku, mahaifiyarta tana can ƙetaren teku. Sunanta Asma'u 'yar Umaisu, Allah Ya yarda da ita, kuma ita nake so mu tuna yau, musamman mu da iyayenmu mata da matanmu suka san zafin raino nesa da gida.

Asma'u 'yar ƙabilar Khas'am ce. Mahaifiyarta, Hindu 'yar Aufu, masu tarihi suna cewa da wuya a samu wata tsohuwa da ta yi dacen surukai irin nata. 'Yarta Maimuna ta auri Manzon Allah (SAW), Ummul Fadli ta auri baffansa Abbas, Salma ta auri Hamza, ita kuma Asma'u ta auri Ja'afar, yayan Sayyidina Ali. Ta musulunta tun da wuri, tun kafin Annabi (SAW) ya fara tara sahabbansa a gidan Arƙam, lokacin da shiga Musulunci a Makka yake nufin duka da horon yunwa da ƙauracewar dangi.

Da azaba ta yi yawa, a shekara ta biyar da aiko Annabi, wato wajajen 615 Miladiyya, aka ba Musulmi izinin su tsallaka Bahar Maliya zuwa Habasha, saboda a can akwai sarki Kirista da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ayarin farko 'yan kaɗan ne. Na biyu ya fi girma, maza 83 da mata kusan 18, kuma cikin wannan tafiya Asma'u da mijinta suke. Ƙuraishawa ba su ƙyale su ba. Sun aika Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyaututtuka don sarki ya miƙo musu mutanen. Ku ɗan tsaya ku duba halin matan da ke zaune a masauki ranar nan, ba su san ko gobe za a tusa ƙeyarsu cikin jirgi a mayar da su hannun waɗanda suka gudo wa ba. Wanda ya taɓa kwana a Sabo ko a Ama Hausa ana raɗe-raɗin za a tashi rigima, jakarsa a ɗaure, ya san irin wannan dare. Allah Ya kiyaye, Najjashi ya mayar wa jakadun kyaututtukansu, ya ba baƙin amana.

A Habasha Asma'u ta haifi Abdullahi, da Muhammadu, da Aunu. Abdullahi shi ake lissafawa a matsayin ɗan fari da aka haifa wa Musulmi a wannan ƙasa. Yaran nan sun buɗe ido ba su san Makka ba sai a bakin iyayensu. Sunan kakanninsu, da harshensu, da sallarsu, duk a ɗakin uwarsu suka koya, domin idan sun fita waje wani yare suke ji, wata ibada suke gani.

Sai ga wani abu mai nauyi. A shekarar 622 Annabi (SAW) ya yi hijira zuwa Madina. Wasu daga cikin mazauna Habasha sun koma, amma Ja'afar da iyalinsa suna nan. Aka yi Badar ba su nan, aka yi Uhudu ba su nan, aka haƙa Handaƙ ba su nan. Labari kawai ke iso musu, shi ma sai ya kwana ya tsufa. A Uhudu aka kashe Hamza, mijin 'yar'uwarta Salma, ita kuwa Asma'u ba halin ta je ta zauna kusa da ita ko da kwana ɗaya. Mu da ake bugo mana waya daga Katsina ko Azare a ce an yi rasuwa har an kai, mun san ɗacin wannan, alhali mu mota ce tsakaninmu da gida, ita kuwa teku ce.

Sai a shekara ta 7 bayan hijira, 628 Miladiyya, Annabi (SAW) ya aika Amru ɗan Umayya ya taho da su. Najjashi ya sa su a jiragen ruwa biyu. Tare da su akwai Abu Musa al-Ash'ari da mutanensa, waɗanda suka taso daga Yaman suna nufin Annabi, iska ta kaɗa jirginsu zuwa Habasha. Isowarsu ta zo daidai da buɗe Khaibar, kuma Annabi ya nuna farin ciki ƙwarai da ganin Ja'afar, ya ba su rabo a ganimar duk da ba su halarci yaƙin ba.

To, a nan ne abin da ya fi jan hankalina a rayuwarta ya faru, kuma Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Wasu mutanen Madina sun riƙa gaya wa waɗanda suka dawo cewa ai sun riga su hijira. Wata rana Asma'u ta kai wa Nana Hafsa ziyara, sai Sayyidina Umar ya shigo, ya tambayi wace ce, ya kira ta da 'yar Habasha, matar teku, sannan ya ce su ne suka riga yin hijira, don haka sun fi kusanci da Manzon Allah. Asma'u ba ta sunkuyar da kai ba. Ta fusata, ta tuna masa cewa su suna tare da Annabi, yana ciyar da mai yunwarsu yana koyar da wanda bai sani ba, alhali su suna ƙasa mai nisa cikin tsoro da cutarwa, kuma duk saboda Allah da Manzonsa. Ta rantse ba za ta ci ba, ba za ta sha ba, sai ta kai maganar gaban Annabi, kuma ba za ta ƙara ko ta rage komai ba. Da ta faɗa masa, sai ya sanar da ita cewa Umar da mutanensa ba su fi su kusanci da shi ba, su hijira ɗaya suka yi, mutanen jirgi kuwa hijira biyu gare su. Bayan haka mutanen jirgin suka riƙa zuwa gidanta ƙungiya-ƙungiya don su ji maganar daga bakinta, Abu Musa ma yana sa ta maimaita masa.

Na san zamanmu a Kudu neman halal ne, kuma a ƙasarmu muke, ba zan haɗa shi da hijirar sahabbai ba. Amma maganar da aka gaya wa Asma'u, kunnenmu ya saba da irinta. Mace ta yi shekara talatin a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, ta raini yara a ɗaki ɗaya, ta kai su makarantar allo da ta boko, ta koya musu gaisuwa da kunya. Ranar da ta je gida biki sai ta ji ana ce mata 'yar Kurmi, ana dariyar Hausar 'ya'yanta, ana yi mata kallon wadda ta bar gida ta rasa wani abu. Asma'u ta nuna cewa mace tana iya kare shekarunta da hujja, cikin ladabi, a gaban manya, kuma a ba ta gaskiya.

Daɗin dawowa bai daɗe ba. A watan Jumada Ula na shekara ta 8, Annabi (SAW) ya tura runduna ta mutum 3,000 zuwa Mu'uta, a ƙasar Jodan ta yanzu. Zaidu ɗan Harisa ya faɗi, Ja'afar ya karɓi tuta, aka sare hannayensa biyu, shi ma ya yi shahada. Ibn Ishaƙ ya kawo cewa a ranar Asma'u ta gama jimar fatu, ta kwaɓa garinta, ta yi wa yara wanka ta shafa musu mai. Sai Annabi ya shigo ya ce a kawo masa 'ya'yan Ja'afar. Ya rungume su yana shinshinar su, idanunsa na zubar da hawaye. Daga nan ta gane. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da dawowarsu.

Da ya fita, Annabi ya umarci iyalinsa su dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Daga wannan gida malamai suka ɗauko sunnar maƙwabta su kai abinci gidan rasuwa. Idan kin taɓa ɗaukar kwanon tuwo kin kai wa maƙwabciya mai takaba a Idi-Araba ko Lokpanta, to ki sani asalin abin yana komawa ga ranar da Asma'u ta rasa mijinta. Bayan kwana uku Annabi ya dawo, ya kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya yi musu addu'a, ya kwantar mata da hankali game da talaucin da take ji musu tsoro.

Daga baya Sayyidina Abubakar ya aure ta. A shekara ta 10 ta fita Hajjin Bankwana da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, inda alhazanmu ke ɗaura harami har gobe. A nan ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar. Ta aika a tambayi Annabi yadda za ta yi, ya ce ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ɗauki harami. Hukuncin mai jinin biƙi a wajen harami, da malamai ke karantar wa mata maniyyata, a kanta aka fara sanin sa.

Zaman Habasha kuma bai bar ta hannu wofi ba. Lokacin da Nana Faɗima take jinyar ajali, ta nuna damuwa da yadda ake ɗaukar gawar mace, a lulluɓa mata mayafi kawai har siffar jikinta ta fito. Asma'u ta ce akwai abin da ta gani a Habasha. Ta sa aka kawo ɗanyun rassan dabino, ta lanƙwasa su a kan makara, ta rufa tufa a kai. Faɗima ta ji daɗin abin, kuma haka aka ɗauke ta. Asma'u ce da Sayyidina Ali suka yi mata wanka. Kun ga, abin da mace ta lura da shi a ƙasar wasu, a lokacin da ake ganin an bar ta a baya, shi ya zama suturar 'yar Manzon Allah.

Abubakar ya rasu a shekara ta 13, bayan ya yi wasiyya cewa ita za ta wanke shi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ranar tana azumi, ga sanyi mai tsanani, ta fito ta tambayi Muhajirai ko wanka ya hau kanta, suka ce a'a. Umar, wanda suka taɓa yin sa-in-sa, shi ne da ya zama halifa ya yanka mata dirhami 1,000 cikin matan da suka yi hijirar farko, kuma yakan tambaye ta fassarar mafarki.

Aurenta na uku da Sayyidina Ali ne, ƙanin mijinta na fari, ta haifa masa Yahaya. Gidan ya haɗa 'ya'yan maza uku, kuma duk wadda ta riƙe agola ta san aikin da ke ciki. An ruwaito cewa wata rana Muhammadu ɗan Ja'afar da Muhammadu ɗan Abubakar suka yi gardama, kowa na cewa ubansa ya fi. Ali ya ce uwarsu ta raba. Sai ta ce a cikin samari ba ta ga kamar Ja'afar ba, a cikin dattawa kuma ba ta ga kamar Abubakar ba. Ali ya yi mata raha cewa shi ba ta bar masa komai ba. Kowane yaro ya tashi da mutuncin ubansa a hannu.

Ƙarshen rayuwarta ya zo cikin shekarun fitina. An kashe ɗanta Muhammadu ɗan Abubakar a Masar a shekara ta 38, yana gwamna. Masu tarihi sun ce da labarin ya iso, wurin sallarta ta shiga ta haɗiye baƙin cikinta. Ta rasu a wajajen shekara ta 40, ta bar hadisai kusan 60.

Ku dubi abin da ya fito daga ɗakinta. Abdullahi, haifaffen Habasha, ya zama wanda ake buga misali da kyautarsa a Madina, shi ya auri Zainab 'yar Ali. Jikanta Alƙasim ɗan Muhammadu yana cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, kuma ɗansa Abdurrahman malamin Imam Malik ne. Wato duk almajirin da ya buɗe Muwaɗɗa a zauren malam, a Kano ne ko a Shagamu, yana cin karo da zuriyar wannan mata.

Roƙona ga maza 'yan'uwana kaɗan ne. Idan ana ba da tarihin unguwanninmu, sunayen sarakunan Hausawa da fataken goro da dillalan shanu ake jerowa. Matan da suka biyo su a jirgin ƙasa da bayan manyan motoci, suka haihu a nan, suka binne wasu 'ya'yan a nan, ba a cika kiran sunansu ba. Wanda kakarsa ko mahaifiyarsa ke raye, ya zauna ya tambaye ta shekarar da ta zo, wa ya karɓi haihuwarta ta fari, me ta koya a wajen maƙwabtanta Yarabawa ko Ibo, wace rasuwa ce ta wuce ta a gida. Ya rubuta, ya karanta wa yara. Allah Ya yarda da Asma'u 'yar Umaisu, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka kwanta dama a ƙasar baƙunci, Ya ba na raye lafiya da juriya.