Musa Ɗanƙwairo: Makaɗin da kwamfutar DJ ta kasa kamawa

A wajen wani biki a Birnin Kebbi na ga wani matashin DJ yana ƙoƙarin ɗora muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a kan kiɗan tekno. Da farko abin ya zauna. Kafin minti ɗaya ya cika, ganga ta yi gabas, murya ta yi yamma, dattawan da ke zaune suka fara kallon juna. Yaron ya iya aikinsa, mutumin da ya ɗauko ne ya fi ƙarfin na'ura.

An haifi Musa a Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, wajen shekarar 1909. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin fadar Maradun ne, don haka a cikin kiɗa ya buɗe ido. Laƙabin nasa ma daga murya ya samo asali: akwai wani mai suna Ƙwairo a cikin yaran mahaifinsa, mai zaƙin murya, da aka ji ta Musa ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo.

Ya daɗe yana bayan wani. Bayan mahaifinsu, wansa Abdu Kurna ne ya ja ragamar ƙungiyar, Musa yana matsayin daudun kiɗi, wato mataimaki. A ganina waɗannan shekaru ne suka gina shi. Mai amshi aikinsa sauraro ne kafin buɗe baki. Dole ya san tsayin muryar da jagora ya tsaya a kai, ya karɓa daga nan daidai, ba sama ba ƙasa, kuma ya shigo a kan bugun da ya dace.

Wannan shi ne abin da DJ ke nema a yau. Tekno, wanda aka ƙirƙira a birnin Detroit na Amurka a shekarun 1980, yawanci yana tafiya a kan bugu 125 zuwa 140 a minti, kuma na'ura ce ke riƙe da bugun, ba ya gocewa. Manhajoji irin su Rekordbox da VirtualDJ suna auna saurin waƙa da matakin sautinta. A tsarin da ake kira Camelot, waƙa mai lamba 8A tana shiga lafiya cikin 7A ko 9A ko 8B.

Kotson Ɗanƙwairo bai san wannan lissafi ba. Da hannu ake kaɗa shi, ana matse tsarkiya ana saki, sautin yana hawa yana sauka don ya bi karin magana. Sauri kuma yana hannun jagora: idan kirari ya yi zafi kiɗa ya ƙara wuta, idan ya zo kan nasiha a sassauta. Ga 'yan amshinsa, da suke karɓe baiti tun bai ƙarasa ba, wannan ya miƙa wa wancan, har mai sauraro ya rasa inda murya ɗaya ta ƙare wata ta fara. Manhaja za ta ba ka lamba ɗaya, alhali waƙar ta sauya gudu sau da yawa kafin ta ƙare.

Sunansa ya game Arewa ne a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi wa waƙar Mai Dubun Nasara. Bayan kisan Sardauna a watan Janairun 1966 ya ci gaba da zagaya fadoji. Ya waƙe 'Yandoton Tsafe Aliyu, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero.

Ya rasu a shekarar 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan. Waƙoƙinsa sun tashi daga kaset sun koma katin waya, kana iya jin su a tashar mota a Argungu ko a shagon mai cajin waya. Shi kuwa DJ ɗin nan, da ya ga abin ya ƙi, sai ya kashe teknon ya bar kotso shi kaɗai, kuma a lokacin ne aka fara tashi ana liƙi.