Marigayi Adamu Halilu: Mutumin da ya mayar da Shaihu Umar majigi

Duk wanda ya taɓa karanta littafin Shaihu Umar na marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san labarin yaron nan na Kagara da aka sace, aka raba shi da mahaifiyarsa, har ya tsinci kansa a ƙasar Larabawa. Amma ba kowa ya san mutumin da ya sa aka ga wannan labari da ido ba. Shi ne marigayi Alhaji Adamu Halilu.

An haife shi a shekarar 1936 a Garkiɗa, cikin jihar Adamawa ta yanzu a Nijeriya. Ya koyi rubuta labarin fim da tace hotuna a Landan da Rum. Da ya dawo gida ya fara da finafinan wayar da kai, irin waɗanda ake haskawa a dandalin gari da majigi, kuma ya sa hannu a kusan 70 daga cikinsu. A 1963 ya fitar da Mama Learns a Lesson, a 1971 kuma Child Bride.

Babban aikinsa ya zo a 1976. Kafin nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da littafin wasan kwaikwayo. Halilu ya ɗauki labarin ya shirya fim na sama da awa biyu, da Hausa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar, tare da 'yan wasa irin su Mairiga Aliyu da Umaru Dembo.

Abin da ya sa fim ɗin yake ratsa zuciya shi ne Halilu bai yi gaggawa ba. Labarin yana farawa ne da malami dattijo zaune cikin almajiransa, sun tambaye shi asalinsa. Mutumin da aka sayar yana yaro, ga shi yana ba da labarin a natse, ba ihu, ba zagi. A wannan natsuwa mai kallo yake jin nauyin abin da ya faru. Haka nan uwar Umar, wadda ta bar gida tana cigiyar ɗanta, ita ma aka mayar da ita baiwa. Sun sadu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Ɗan wasan ƙwarai ba sai ya yi birgima ba. Tafiyarsa da shirunsa sun isa.

Ga mutanen zango, daga Nima da Mamobi a Ankara har kasuwannin iyaka irin su Aflao da Paga, labarin ba baƙo ba ne. Kakannin da suka bi ayari zuwa Gwanja fataucin goro sun san cewa a kasuwar Salaga har mutane ake sayarwa. Sun kuma san zafin barin uwa a gida, a tafi neman abinci a wata ƙasa.

Halilu ya ci gaba da tarihi a fim ɗin Kanta of Kebbi na 1978, kan Muhammadu Kanta, sannan ya yi Moment of Truth a 1981. Shi ne kuma ya fara shugabantar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Ya rasu a 2001, a lokacin da aka ɗauka fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace.

Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018, shekara 17 bayan rasuwar mai shi. Wanda ya samu damar kallonsa, ya zauna da 'ya'yansa su kalla tare.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.