Erik Barnouw: Daga tallar taba sigari zuwa rubuta tarihin rediyo

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a raba mutanenmu da rediyo. Dillali na ciniki a kara, 'yar akwatinsa na rataye a kafaɗa. Mai shayi ya jingine tasa kusa da gwangwanayen madara. Ko da waya ta zo ba a daina ba, kunnen ne kawai ya koma kan wayar.

Sai dai ba kasafai muke tambayar wa ya biya kuɗin shirin da muke ji ba, ko ina muryar ke zuwa bayan an gama watsa ta. A kan waɗannan tambayoyi wani malamin jami'a a Amurka, Erik Barnouw, ya ƙare rayuwarsa.

An haife shi ranar 23 ga Yunin 1908 a birnin Hague na ƙasar Holan. A 1919 iyayensa suka koma New York, inda mahaifinsa, Adriaan Barnouw, ya samu aikin koyarwa a Jami'ar Columbia. Shekara guda da zuwansu, a Nuwamban 1920, tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, ranar da da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin rediyon kasuwanci a Amurka. Kusan tare suka girma, shi da abin da zai rubuta tarihinsa.

Ya gama Jami'ar Princeton a 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Aikin da ya riƙe shi a farkon shekarun 1930 na wani kamfanin talla ne, inda aka ba shi jagorancin shirin rediyo da masu taba sigari ta Camel ke ɗaukar nauyi. A wancan zamani ba gidan rediyo ke tsara manyan shirye-shirye ba. Kamfanin talla ne ke sayen lokaci, ya ɗauko mawaƙa da 'yan wasa, ya yanke abin da za a faɗa da wanda ba za a faɗa ba. Barnouw ya ga wannan da idonsa, da hannunsa ma ya yi. A ganina nan ne ya sha bamban da sauran masana: ya san girkin tun daga murhu.

Daga 1937 ya fara koyar da rubutun wasan rediyo a Columbia, a 1939 ya fitar da littafi a kan sana'ar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da NBC, sannan da sashen ilimi na rediyon sojojin Amurka. A 1946 ya zama cikakken malami a Columbia, bai bar ta ba sai 1973.

Akwai wani aiki da ya yi a ƙarshen shekarun 1940 wanda ma'aikatan lafiya na Gumel da Gagarawa za su gane nan take. Ciwon tunjere ya yi yawa a Amurka, ga maganin penisilin ya samu, amma kunya ta hana mutane zuwa gwaji. Ko sunan ciwon ba a yarda a ambata a rediyo ba; a 1934 tashar CBS ta hana wani babban likita, Thomas Parran, furta shi, shi kuwa ya fasa jawabin. Hukumar lafiya ta Amurka ta nemi Barnouw ya tsara shirye-shiryen wayar da kai. Maimakon ya jera likitoci su yi ta lacca, sai ya haɗa kai da masanin waƙoƙin gargajiya Alan Lomax, suka kawo mawaƙan da talakawa ke so, irin su Woody Guthrie da Hank Williams da Sister Rosetta Tharpe, aka saka saƙon cikin labari da waƙa. Dabarar da mu ma muka sani ke nan a yaƙi da shan inna, inda mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo kan isar da abin da takardar sanarwa ta kasa.

Ya je Indiya a farkon shekarun 1960, ya dawo da littafin Indian Film na 1963, wanda suka rubuta da ɗalibinsa S. Krishnaswamy. Masu son finafinan Indiya a ƙasar Hausa, kuma ba kaɗan ba ne, su san cewa yana cikin littattafan farko da suka ɗauki tarihin masana'antar da muhimmanci.

Babban aikinsa shi ne tarihin watsa shirye-shirye a Amurka, juzu'i uku: A Tower in Babel a 1966, The Golden Web a 1968, da The Image Empire a 1970. Na farko ya tsaya a 1933, na biyu ya kai 1953, na uku ya bi zamanin talabijin. Na ukun ya ci kyautar Bancroft a 1971, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan masana tarihi a ƙasar.

Abin da ya sa ake karanta su har yau shi ne bai tsaya ga labarin injiniyoyi da shugabannin kamfanoni ba. Ya bi tsofaffin ma'aikata ya zauna da su, ya tono takardun kamfanoni da na gwamnati, ya bi sawun kuɗi. Ya nuna yadda tallar farko da aka sayar a tashar WEAF ta New York a Agustan 1922, ta minti goma a kan wasu gidaje, ta buɗe ƙofar da ba ta sake rufuwa ba. Ya kawo labarin littafin Red Channels na 1950, wanda ya jera mutum 151 na harkar rediyo da talabijin bisa zargin kusanci da 'yan gurguzu, da yadda tsoron masu talla ya raba da yawansu da abincinsu. Ya kuma bi yadda Amurka ta mayar da rediyo makamin yaƙin cacar baka, har da kuɗin hukumar leƙen asiri ta CIA da suka riƙe Radio Free Europe a ɓoye. A 1978 ya ware littafi guda, The Sponsor, a kan ikon mai ɗaukar nauyi. Duk wanda ya saurari shirye-shiryen siyasa da ake saye a tashoshin FM na Kano da Jigawa dab da zaɓe ba ya buƙatar a fassara masa batun.

Ga ni dai, abin da ya fi nuna halinsa fim ne na minti 16. Bayan Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, da Nagasaki ranar 9, wasu masu ɗaukar hoto 'yan Japan ƙarƙashin Akira Iwasaki sun shiga biranen sun ɗauki abin da ya rage: gine-gine da suka zama toka, da mutanen da fatarsu ta ƙone. Sojojin Amurka suka ƙwace faifan, aka sa masa tambarin sirri, ya kwanta fiye da shekara 20. A 1968 Barnouw ya samu labarinsa daga wani yankin jarida da aka aiko masa. Ya bi diddigi har ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Washington, ya samo hotuna na kusan awa biyu da minti 40. Shi da Paul Ronder suka tace su, aka nuna Hiroshima-Nagasaki, August 1945 a New York a Fabrairun 1970. Manyan tashoshin kasuwanci suka kau da kai. Talabijin ɗin ilimi ta jama'a ce ta watsa shi a Agustan shekarar, sannan Amurkawa da yawa suka fara ganin abin da bam ɗin ya yi wa jikin ɗan Adam.

Na tuna da wannan labari wata rana da na je wani gidan rediyo neman tsohuwar hira da aka yi da wani dattijo daga yankin Sule Tankarkar. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya ce kaset ɗin an daɗe da ɗora wani shiri a kansa, don a lokacin ba su da sababbi. Dattijon kuwa ya rasu.

Kuma tarihin ba ƙarami ba ne. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957, gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Irin hidimar da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa rubutu a littafinsa Hausa a Rubuce na 1988, muryoyin nan ma sun cancance ta, tun waɗanda suka yi aikin a shekarun 1970 da 1980 na da sauran numfashi.

Barnouw ya gane takarda kaɗai ba ta isa ba. Daga 1978 zuwa 1981 ya shugabanci sashen finafinai da shirye-shirye da faifan sauti a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, aikin da ya ƙunshi tattara faifai da adana su. An fitar da kundin ilimin sadarwa mai juzu'i huɗu da ya jagoranta, a 1989. Ƙungiyar masana tarihin Amurka na ba da kyauta da sunansa ga finafinai da shirye-shiryen tarihi tun 1983.

Ya mutu ranar 19 ga Yulin 2001 a garin Fair Haven na jihar Vermont, yana da shekara 93.