Percy Girouard: Gwamnan da ya ja layin dogo zuwa Baro, kaya suka zarce Ikko

Duk Bahaushen da kakansa ya sauka a tashar Iddo ko Ibadan da ƙunshin kayansa a ka, to ta Minna ya biyo. Amma Baturen da ya shimfiɗa dogon Kano bai yi niyyar kayan Arewa su zo Legas ba.

Sunansa Percy Girouard. An haife shi a birnin Montreal na ƙasar Kanada a 1867, ya yi makarantar soja a Kingston, ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila a 1888. A Sudan ya yi suna. A 1897, lokacin da Kitchener ke yaƙar Mahadiyyawa, Girouard ne ya ratsa hamada da dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, inda ko ruwan sha sai jirgi ya ɗauko. Ta wannan layin aka kai sojoji da bindigogin da suka ci Omdurman a 1898. Wato tun farko dogo a hannunsa kayan yaƙi ne. Daga nan ya shugabanci jiragen ƙasan Masar, sannan na Afirka ta Kudu a yaƙin Buwa.

A 1907 aka turo shi Zungeru ya gaji Lugga a mulkin Arewa. Lokacin dogon Legas, wanda aka fara a 1896, ya riga ya wuce Ibadan yana nufar Jebba. Gwamnatin Arewa kuwa nata take so: layi mai araha daga Kano zuwa Baro a bakin kogin Kwara, a loda kaya cikin jiragen ruwa su gangara teku, ba ruwanta da Legas. Auduga suke hange don masaƙun Ingila.

Arahar fa a wuyan talaka ta faɗa. Sarakuna da hakimai aka sa suka tara mutane, Nupawa da Gwarawa da Hausawa, aka raba su da gonakinsu suna haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando. Shi ne aikin diga, wanda har yau sunansa bai bar bakin tsofaffi ba, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi masa waƙa, Waƙar Diga. Littattafan Turawa kan yaba saurin aikin da ƙarancin kuɗin da ya ci. Ba kasafai suke tsayawa kan wanda ya biya ragowar da jikinsa ba.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba. A 1909 aka ɗauke shi zuwa Kenya, dogo kuma ya isa Kano a 1911. Zuwa 1912 layin Legas ya zo ya haɗu da shi a Minna, ƙasar Gwarawa, wurin da a da bai kai Kuta ba ko kusa. Kuta tsohon gari ne mai sarautarsa, sai dai dogo bai bi ta can ba. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da ofisoshi suka taru a mahaɗar, Minna ta yi ta girma har ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, Kuta kuwa yau hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro ce.

Baro ma haka ta ƙare. Da rani ruwan Kwara kan ja baya, manyan jirage ba sa iya hawowa, ga shi a Legas teku na nan kullum. Da aka gama gadar Jebba a 1916, aka daina tsallakar da taragu a kan ruwa, sai Kano zuwa Iddo ya zama zare ɗaya. Audugar da aka yi tsammani ma gyaɗa ta sha gabanta, irin su Alhassan Ɗantata suka cika taragu da ita. Shanu suka gangaro, goro ya hau. A shekarar gadar nan, 1916, aka kafa Sabon Ibadan, kuma fataken shanu da na goro su ne ƙashin bayan irin waɗannan unguwanni namu na Kurmi.

Akwai wani gadon nasa da ba a cika ambato ba. Shi ya tura batun filaye har aka kafa kwamiti a Landan a 1908, daga nan dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun gwamna. Masu neman takardar mallakar fili a yau, a Kano ko a Agege, ƙarƙashin dokar 1978 suke, wadda ta ɗauki wannan tsarin ta shimfiɗa wa Najeriya baki ɗaya.

A Kenya bai wanye lafiya ba: rikicin tayar da Masai daga ƙasarsu ya sa ya ajiye aiki a 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth a Ingila. Ya mutu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932.